Inshorar satar keke: sun biya ni, amma maki uku na ba su cikin biyar

Sun biya. Na fara da wannan ne domin ita ce tambayar da kowa ke jefo mini tun da aka ji an sace mini keke alhali ina da inshora a kansa. Kamfanin ya biya diyya, ba wanda ya yi mini kallon maƙaryaci, kuma da abin da suka bayar na samu keken da nake hawa zuwa wurin aiki yanzu. Duk da haka maki uku zan ba su cikin biyar. Biyun da na riƙe ba na jinkiri ba ne, ba kuma na abin da suka zaftare a kuɗin ba. Na riƙe su ne saboda yadda suke sayar da hajarsu: abin da za su duba ranar da aka yi maka sata daban, abin da suke nuna maka ranar da kake miƙa kuɗi daban. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Da na gwada takardunsu da na wasu kamfanonin na ga kusan duk hanya ɗaya suke bi, kuma abin da nake son mai keke ya sani ya fi ƙarfin suna ɗaya.

Inshorar da na saya ta keke ce zalla, ba wadda ake liƙa wa inshorar kayan gida ba. Rajistar ba ta da wahala ko kaɗan. A waya ake yi: sunan keken, shekarar da ka saya, nawa ya kai, inda yake kwana. Kafin ka ankara an gama, an turo maka saƙon maraba. A shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ɗauke maka asarar sata a gida da waje. Sharuɗɗan kuwa suna cikin wata doguwar takarda da sai ka danna wani ɗan rubutu can ƙasa kafin ta buɗe, kuma ko ka buɗe ta, waɗanda suka fi nauyi ba sa cikin babin sata. Suna can babin ma'anar kalmomi, wurin da mai karatu ke tsallakewa don yana ganin ai ya san mene ne kwaɗo, ya san mene ne gida. Ni dai ban saba amincewa da takarda ba sai na bi ta layi bayan layi, kuma na tabbata wannan ɗabi'ar ce ta sa yau nake iya rubuta cewa sun biya.

Kwaɗo shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. A wurin kamfanin, ba duk abin da ke rufewa da makulli ne kwaɗo ba. Dole ya kasance cikin jerin waɗanda wata cibiyar gwaji ta amince da su. Takardata ta dogara ne da Sold Secure, cibiyar da 'yan sandan Ingila suka kafa a 1992, wadda yanzu take hannun ƙungiyar masu sana'ar makullai ta ƙasar. Aikinsu shi ne su kawo kwaɗo su far masa da irin kayan aikin da ɓarayi ke ɗauka, su ga yadda zai jure, sannan su ba shi daraja: tagulla, azurfa, zinare, ko lu'ulu'u wadda ta fi duka. Shi kuma kamfanin inshora sai ya ɗaure darajar kwaɗo da tsadar keke. Keke mai araha tagulla ta ishe shi, wanda ya ɗan yi tsada azurfa, irin nawa kuma sai zinare ko sama da haka. A Holan wata cibiya ce mai suna ART ke wannan aikin, tana ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, kuma kamfanonin inshora a can galibi taurari biyu suke nema ga keke. Suna kuma da wata ƙa'ida da na ga tana da ma'ana: idan aka sace, sai ka kawo makullai biyu na asali da suka zo da kwaɗon. Wanda ya kasa kawo ɗaya, ana ɗauka a jikin kwaɗon ya bar shi.

Inda mutane ke faɗawa shi ne, ba sunan kamfanin da ya ƙera kwaɗon ake ba daraja ba, kowane nau'i da tasa. Abus ko Kryptonite za su iya fitar da kwaɗo biyu masu kama ɗaya, launi ɗaya, ɗaya zinare ɗaya azurfa, bambancin yana cikin kaurin ƙarfen da yadda aka gasa shi. Sannan sau da yawa ana haɗa kwaɗon ƙarfe mai siffar harafin U da wata igiyar waya a fakiti ɗaya, tambarin zinare na sheƙi a jikin kwalin. Tambarin na ƙarfen ne shi kaɗai. Igiyar don riƙe tayar gaba aka yi ta, almakashin yankan ƙarfe zai datse ta cikin ƙiftawar ido. Wanda ya zagaya igiyar a jikin turke ya maƙala ƙarshenta a kwaɗon, a idon kamfanin bai kulle kekensa ba, ko da rasit ɗin kwaɗon zinare na aljihunsa. Wannan bayanin duk yana cikin takardar, amma a jimla ɗaya, a tsakiyar shafi.

Sharaɗi na gaba ya ce kwaɗon ya ratsa ta firam ɗin keken, ya kuma kama wani abu da ba ya ɗaguwa. Idan taya kaɗai ka kulle, ɓarawo zai kwance ta ya bar maka ita ya tafi da sauran, kamfanin kuma zai ce ba ruwansa. A nan ban ga laifinsu ba. Duk mai gyaran keke zai faɗa maka haka kyauta.

Nawa keken a bakin wurin aikinmu aka ɗauke shi, da rana tsaka, a jikin ƙarfen da aka kafa don jingina kekuna. Da na fito da yamma ban tarar da komai ba sai rabin kwaɗon a ƙasa. An yanka shi gida biyu, yankan ya fita sumul, bakin ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, garin ƙarfe baƙi ya zuba a kan siminti, robar da ke lulluɓe da shi ta narke ta nannaɗe. Aikin injin yankan ƙarfe ne mai batir, irin wanda ke shiga jakar goyo. Jikina ya yi sanyi, don keken nan shi ne ƙafata, kuma ni na san yadda na tara kuɗinsa. Amma kafin na taɓa komai sai da na ɗauki hoton wurin daga nesa, na ɗauki na guntun kwaɗon a inda yake kwance, na ɗauki na tabon da tartsatsin wuta ya bari a jikin ƙarfen jinginar. Sannan na naɗe guntun a leda na sa a jaka. A duk takardun da na tura daga baya, babu abin da ya yi mini aiki kamar wannan guntun ƙarfen. Shi ya nuna nau'in kwaɗon, shi ya nuna an yi amfani da ƙarfi, shi ya nuna a kulle keken yake.

Na sha tunani a kan wanda ɓarawonsa ya tattara guntayen ya tafi da su. Bai yi laifin komai ba, yadda na kulle haka ya kulle, amma zai zo wurin kamfanin hannu rabbana. Na tambayi ma'aikaciyar da ta riƙe maganata me suke yi da irin wannan, ta ce suna karɓar rasit ɗin kwaɗo da makullansa da duk wani hoto da ya nuna keken a kulle da shi, ko da tsohon hoto ne. Amsar ta yi, sai dai ba a rubuce take a ko'ina ba.

Takardar ta ce a sanar da 'yan sanda cikin awa 24 da gano satar, a kuma karɓo lambar rahoto. Tambayar farko da ɗan sandan ya yi mini ita ce lambar firam. Lamba ce da ake bugawa a jikin ƙarfen keke, galibi a ƙasa, daidai inda sandar feda ke ratsawa. Sai ka kifa keken kafin ka gan ta, wani lokaci sai ka goge laka da mai. Ita ce kaɗai ke raba kekenka da dubban 'yan'uwansa da suka fito daga masana'anta ɗaya. Wasu ƙasashen sun daɗe da gane nauyinta. Denmak ta kafa tsarin lambar firam tun 1942, Japan ta wajabta rajistar keke a 1994, Faransa kuma daga 1 ga Janairun 2021 ta ce duk sabon keken da ɗan kasuwa zai sayar sai an yi masa lambar shaida an shigar da ita rumbun bayanai na ƙasa. Inda babu doka irin wannan, akwai rumbunan intanet kamar Bike Index da BikeRegister da mutum zai shigar da nasa da kansa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kamfanin da ba zai biya ba sai da wannan lamba bai tilasta a rubuta ta lokacin rajista ba. Akwai gurbinta a fom, amma ana iya tsallakewa. Wato suna karɓar kuɗin mutum wata da watanni a kan keken da su da kansu ba su san wanne ba ne, sai ranar da ya ɓace su ce a kawo lambar da ke jikin abin da ba ya nan.

Neman diyyar kansa ya tafi daidai, kuma a nan sun cancanci yabo. Na cike fom a manhajarsu, na ɗora rasit ɗin keke da na kwaɗo, hotunan wurin, hoton makullai biyu, da lambar rahoton 'yan sanda. Aka ba ni mutum ɗaya da ta riƙe maganar daga farko har ƙarshe, ban taɓa maimaita labarina ga sabuwar murya ba. Da ta kira, sai da ta fara jajanta mini kafin ta shiga tambayoyi, kuma ta faɗa mini a fili cewa ana naɗar hirar. Ta tambayi ƙarfe nawa na ajiye keken, ƙarfe nawa na dawo, ta ina kwaɗon ya bi, wa ke da makulli na biyu, ko an taɓa sace mini keke a baya, ko ina sana'ar kai saƙo da shi. Tambaya ta ƙarshen nan ba ta banza ba ce. Inshorar ta hawa ce don kai da zuwa aiki. Wanda ke kai kaya ko abinci don a biya shi, sai ya sayi wata daban, in ba haka ba komai kyan kwaɗonsa ba za a biya shi ba.

Wuri ɗaya muka tsaya, a kan ƙarfen jinginar. Takardar ta bayyana abin da ba ya ɗaguwa da cewa abu ne da aka kafa cikin siminti ko dutse ko a kansu, wanda ba a iya kwancewa, ba a iya cirewa, ba a kuma iya ɗaga keken a zare shi ta samansa. Namu ƙarfen ba a binne ƙafafunsa ba, da noti aka ɗaure shi a kan siminti. Ta ce, "Malam, ina buƙatar hoton gindin ƙarfen daga kusa, in ga irin notin." Na koma na durƙusa na ɗauka. Ashe irin notin nan ne da kansa ke karyewa idan an gama ɗaurewa, ya bar dunƙulen ƙarfe mai santsi da sifana ba ta kamawa. Da ta gani sai ta ce magana ta ƙare. Na yi murna, amma raina bai kwanta ba. Ɓarawon bai taɓa notin ba, kwaɗo ya yanka. Da a ce notin na yau da kullum ne, da an samu ƙofar hana ni a kan abin da ba shi da hannu a satar, abin da kuma ba ni na kafa shi ba. Mai keke ba injiniya ba ne da zai riƙa duba gindin kowane ƙarfe kafin ya shiga ofis. Ina ganin adalci shi ne sharaɗin da aka saɓa ya zama shi ya buɗe wa ɓarawo hanya, kafin a ce ya soke diyya. Ƙaramin icce da za a iya sarewa, shingen katako, turken alamar hanya da za a zare keke ta samansa, waɗannan na yarda ba su cancanta ba.

Akwai kuma sharaɗin lokaci. A takardata, keken da aka bari a waje fiye da awa 24 a jere ana ɗauka an yi watsi da shi. Na ga wasu kamfanonin da nasu bai kai haka ba. Wanda ke barin keke a tashar jirgin ƙasa ya tafi ƙarshen mako, ya sani daga wani lokaci a tafiyar tasa ba shi da inshora, ko da kuɗinsa na fita kowane wata. A Jamus tsofaffin takardun inshorar kayan gida suna da wani sharaɗi sananne na dare: daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a biyan keken da aka sace a waje, sai in mai shi bai gama hawansa na ranar ba. Sababbin takardu da yawa sun cire shi, amma wanda bai sabunta tasa ba yana nan ɗaure da shi. Masu aikin dare su ne irin wannan sharaɗin ke cuta, su ne kuma suka fi dogara da keke, don a lokacin da suke tashi motar haya ta yi wuya.

Abin da ya fi ƙona mini rai bai same ni ba, maƙwabcina ya sama, kuma kamfanin inshorarmu ɗaya. Gidan da yake zaune na haya ne mai sassa da yawa, mashiga ɗaya. A nan cikin mashigar yake jingine kekensa, bayan ƙofar da ke kulle kanta. Wani dare aka bar ƙofar ba ta kama ba, da safe babu keke. Ya nemi diyya aka ce a'a, da dalili biyu. Na farko, mashigar da mutane da yawa ke da makullinta ba ta cikin abin da takardar ke kira gida. A irin wannan wurin dole keken ya kasance a kulle da kwaɗon da aka amince, a jikin abin da ba ya ɗaguwa, tamkar a bakin titi yake. Na biyu, sata a gida ba a biyan ta sai an ga alamar shiga da ƙarfi: ƙofar da aka ɓalle, tagar da aka fasa. Mutumin nan lokacin rajista an tambaye shi inda keken ke kwana, ya zaɓi "a gida", don a gida yake kwana. Ba a sake tambayarsa komai ba. Tambaya ɗaya tak, ko wasu na da makullin wurin, da ta sa ya sayi ƙarfen da ake kafawa a bango ya huta. Bayanin da aka yi masa a wasiƙar ƙin biya ya fito sarai, da lambar sakin layi da komai, amma ihu ne bayan hari.

Sharaɗin alamar ƙarfi yana da wani gibi da kamfanonin suka sani. Ba kowace sata ke barin tabo ba. A 2004 hotunan bidiyo suka bazu a intanet suna nuna yadda ake buɗe wasu nau'o'in kwaɗon Kryptonite masu zagayayyen makulli da bututun biro na Bic, har kamfanin ya musanya wa mutane su kyauta. Wanda aka yi wa irin wannan satar ba zai sami yanka ko karaya da zai nuna ba. An gyara wancan lahanin tuntuni, amma masu iya buɗe kwaɗo ba tare da makulli ba suna nan, takardar kuwa ba ta ce komai a kansu ba.

Na dawo kan kuɗi. Alkawarin shi ne sabo a madadin tsoho, muddin keken bai wuce shekara uku ba kuma kai ne ka saye shi sabo. Bayan haka sai a fara rage darajarsa gwargwadon tsufa. Nawa yana cikin wa'adin. Aka fara cire kason da mai keke ke ɗauka da kansa, kashi 10 cikin ɗari. Wannan na san da shi, kuma ban ƙi shi ba, don yana sa mutum ya kula da kayansa. Aka kuma cire kuɗin sauran watannin shekarar da ban riga na biya ba, domin yarjejeniyar ta shekara ce ko da wata-wata ake biya. Shi ma yana rubuce. Fitilu da kwaɗo da kujerar yaro, da yake na lissafa su tun farko, an biya su ba musu. Na'urar da ke auna mini nisan tafiya an ce tana cikin kayan lantarki da aka keɓe.

Biyu ne ban ji daɗinsu ba. Na ɗaya, adadin da ka rubuta ranar rajista shi ne iyaka. Tsakanin sayena da satar, kuɗin irin keken ya tashi, sabon da aka yi alkawari ya zama ba ya sayuwa da adadin da ke takarda, sai na cika daga aljihuna. Kamfanin na da sunan keken da shekararsa, ya fi ni sanin kasuwa, yana turo mini tallace-tallace ta imel ba fashi, amma ko sau ɗaya bai ce in duba ko adadin na nan daidai ba. Na biyu, zaɓin da aka ba ni: ko in karɓi keke ta hannun dillalin da suke hulɗa da shi, ko in karɓi kuɗi, amma kuɗin zai zama abin da su za su biya dillalin ne bayan rangwamen da yake yi musu. Na so in saya a wurin mai gyaran da ya san ni ya san yadda nake hawa, sai na ga zan yi asara sau biyu, na haƙura na bi ta dillalinsu. Keken ya iso lafiya, an ɗaure shi da kyau, ba ni da ƙorafi a kansa. Kafin a rufe maganar na sa hannu cewa idan aka gano tsohon keken ya zama na kamfanin, sai dai in maido abin da aka ba ni in karɓe shi. Wannan daidai ne, ba a cin diyya a kuma riƙe kaya. Daga ranar da na tura takardu zuwa ranar da keken ya iso 'yan makonni ne, kuma a tsakani ba a bar ni cikin duhu ba.

Kamfanonin inshora suna yawan tuna wa mutum cewa harkar ta gaskiya da amana ce: ka faɗi komai, kada ka ɓoye satar da aka taɓa yi maka, kada ka ƙara wa keke kuɗi. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma na san akwai masu sayar da kekensu su zo su ce an sace, su ne suka jawo wa sauranmu wannan tsananin. Sai dai wannan ƙa'idar tun asalinta ba a kan mutum ɗaya aka ɗora ta ba. A shari'ar Carter da Boehm ta 1766 a Ingila, wadda ake ɗauka ita ce tushen ƙa'idar, alƙali Lord Mansfield ya bayyana cewa nauyin rashin ɓoye abin da ka sani yana kan ɓangarorin biyu ne, mai saye da mai sayarwa. Kamfanin ya san dalilan da suka fi sa shi ƙin biya, don kullum su yake rubutawa a wasiƙu. Ba su da yawa: kwaɗon da bai kai ba, wurin da bai cancanta ba, lokacin da ya wuce, rasit ko lambar da babu. Za su shiga fuskar waya ɗaya. Wanda ya iya tsara rajistar da ke ƙarewa cikin 'yan mintuna zai iya sa waɗannan a gaban mutum kafin ya danna maɓallin biya, ya kuma ce a ɗora hoton kwaɗo da na lambar firam nan take. Rashin yin haka zaɓi ne, kuma shi ya cinye maki biyun.

Ga wanda aka ƙi biya, kada ya ɗauka wasiƙar farko ita ce ƙarshe. A nemi su nuna sakin layin da suka dogara da shi a rubuce, a shigar da ƙorafi ta hanyar da takardar ta tanada, in bai yi ba a wuce hukumar da ke sasanta irin wannan rigimar a ƙasar da mutum yake. A Birtaniya, misali, kamfani na da mako takwas ya ba da amsarsa ta ƙarshe, daga nan mutum na da wata shida ya kai ƙara ofishin mai sasanta rigingimun harkar kuɗi, kuma ba a biyan ko sisi. A can kuma sabon mai inshora na da kwana 14 da zai iya janyewa bayan ya karɓi takardunsa. Waɗannan kwanakin su ne lokacin zama a karanta babin ma'anar kalmomi da kwaɗo a hannu, a duba nau'insa a jerin cibiyar gwaji. Maƙwabcin nawa ya shigar da nasa ƙorafin a kan cewa tambayar da aka yi masa lokacin rajista ba ta fayyace ba, kuma ni na taya shi rubutawa.

Inshorar nan ta dace da wanda kekensa ke da tsada, yake kwana a ɗakin da shi kaɗai ke da makulli, yake kuma wuni a wuri sananne mai ƙarfen jingina na ƙwarai. Ga mai tsohon keke na hannu, bayan ragin tsufa da kason da zai ɗauka da kansa, abin da zai rage ba lalle ya kai kuɗin da ya zuba ba. Gara ya sa kuɗin a kwaɗo mai kyau. Yanzu ma akwai waɗanda aka ƙera musamman don su cinye faifan injin yanka, irin su Hiplok D1000 da Litelok X1, masu nauyi da tsada, amma suna sa ɓarawo ya daɗe yana tartsatsi a bainar jama'a. Mai keken lantarki kuma ya duba maganar batir daban, don wasu takardun ba sa biyan batirin da aka zare aka bar keken.

Ni na sabunta da su, duk da kuɗin watan ya ƙaru bayan diyyar. Kafin in sabunta na tura musu hoton sabon kwaɗona, da na ƙarfen bakin ofis har da notinsa, da na ɗakin da keken ke kwana, na ce su tabbatar mini a rubuce cewa ukun sun cika sharuɗɗansu. Sun amsa, sun tabbatar, na buga amsar na haɗa ta da rasit. Ma'aikaciyar ta ce duk wanda ya nemi irin wannan tabbacin suna ba shi. Na sake duba shafinsu na rajista ranar da na sabunta, babu inda aka faɗa wa mutane cewa za su iya nema.